Furannin Ɗanjuma da Jemar Batulu

Ɗanjuma mai kula da lambu ne a wani gida a Maitama, kuma yana da hali guda: ba ya iya zubar da shuka mai rai. Duk ranar da Hajiyar gidan ta gaji da furanninta ta ce a tuge, sai ya ƙunsa su a buhu, ya rungumo su har unguwarsu Kado kamar mai dawowa da jariri daga asibiti.

Gidansa na bakin rafi. Tun da aka shafe unguwar sama da siminti da kwalta, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai ya riƙa gangarowa a fusace, kowace damina ya gutsiri gaɓa. Har ya zo dab da murhun da matarsa Batulu ke bandar kifi. Daga murhun kuwa sai bangon ɗakin kwanansu.

"Bar ni da shi," in ji Ɗanjuma. "Shuka ce maganinsa."

Ya jera furannin Maitama a gaɓar, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya daidaita musu kai da almakashi. 'Yan mata suka riƙa zuwa ɗaukar hoto. Ruwa mai ƙarfi na farko ya kwashe su kaf, ya haɗa da wani yankin gaɓar.

Maƙwabcinsu Simon ya leƙo ta katanga. "Oga lambu, na ga furanninka sun wuce, ko sallama babu!"

Batulu ta yi dariya har da hawaye. "Baban Yusra, 'yan gayu ka ɗauko aikin ƙarfi? Waɗannan da sai an ba su ruwa a baki?"

Ta aika garinsu Yelwa, aka kawo mata tushen jema a motar kifi, ciyawar da mahaifiyarta ke saƙa faifai da ita. Ɗanjuma ya taɓe baki, don a Maitama irinta cirewa yake yi. Amma da ya shafa saiwar, ya ji ta kamar igiya, sai ya ɗauko fartanya. Ya dasa ta layi-layi, ya kafa gora da ayaba a bayanta. Simon ma ya daina zuba shara a wurin, ya koma taya shi ban-ruwa da rani.

Da damina ta zagayo, rafin ya taho da rurinsa. Ɗanjuma na tsaye jikin bango, ba ya ko ƙyaftawa. Jemar ta kwanta, ruwa ya bi ta kanta ya wuce, ta miƙe tana ɗiga. Ƙasa tana nan. Washegari hayaƙin Batulu ya tashi daga murhun da ya saba tashi.

Yanzu da la'asar maƙwabta kan shimfiɗa tabarma a inuwar gorar. Can baya, inda ruwa ba ya kaiwa, Ɗanjuma ya sake jera furanninsa.

"Su kuma aikin me suke yi?" in ji Batulu.

"Haba Maman Yusra! Jema na gadi, su suna karɓar baƙi."