Zalɓen Kawu Mamman

Kun dai san Kawu Mamman. Kafin ya ƙarasa sallama hannunsa ya kai bango, ya kashe maka fitilar sama a cikin gidanka! Ka yi magana ya harare ka: "Mutane za ka saukar ko kaji za ka kiwata?"

Ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Damagaram, gyaran wutar lantarki yake yi. Wata tsohuwa a unguwar Irving Park ce ta lalata mana shi. Ya je yi mata gyara, ta ba shi fitilar tsaye ƙirar Denmak, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Sanda ce baƙa siririya, da ɗan kai a sunkuye. Shi ke nan fa! Muka sa mata suna Zalɓe. Ranar da ya ji, sati guda bai amsa gaisuwar kowa ba.

Matarsa, Anti Rabi, ta ga abin ya yi tsirara da yawa, sai ta naɗa mata furannin roba har wuya. Kawu ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana huci.

"Rabi, mene ne wannan?"

"Sutura, Alhaji. Baƙi na zuwa."

"Wanda ya ƙera ta rayuwarsa ya ƙarar yana ragewa, ke kin zo da rana ɗaya kina ƙari!"

Ta ce, "Da ya san ragi, da kai ya fara rage wa faɗa."

Wani dillalin kayan ɗaki ya ji labari, ya zo har gidansu a High Point Road yana so ya saya. Kuskurensa ɗaya, ya ɗaga ta ta wuya. Kawu ya kama kwalar rigarsa ya ce, "Ya ka ji?" Mutumin ko hularsa bai tsaya ɗauka ba.

Amma abin da ya yi mini, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ranar sunan ɗana na fari, a gidanmu na Sedgefield, na rataya sabuwar fitila mai ƙwai goma sha biyu, tana walƙiya kamar gidan biki. Sai ga Kawu a mota da Zalɓe a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel ɗin kujera, Anti Rabi kuwa a baya! Ya kashe tawa, ya kunna tasa, ya tsaya gadin makunni. Hotuna suka fito, haƙora kawai ake gani. Na kai masa ina kuka.

"Kawu, dubi abin da ka yi mini!"

Ya duba da kyau ya ce, "Ki gode mini, Hadiza. Ba a ganin hancin mijinki."

Wata uku ban taka gidansa ba.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ɗauke, na je. Yana kwance, ya rame. Ya dube ni, ya nuna fitilar da hannunsa mai lafiya. Hawaye suka zubo mini.

"Kawu, ni ka bar wa?"

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya sake nunawa. Anti Rabi ta ce, "Ƙura yake nuna miki."

Na sa bakin gyalena na goge ta tas. Sai ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Bayan kwana biyu ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci. Amin.