Daren da Iya Ta Sauya Bishiyar Bushiya

A Yashe, idan an gama cire gyaɗa, tsakar gidanmu kan cika da ƙamshin ƙasa da busasshen ganye. Bayan sallar isha'i sai Iya, mahaifiyar Babanmu, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, a zube gyaɗa a kan tabarma, yara su kewaye ta ana ɓara tana ba da tatsuniya. Ni ban taɓa zama a cikinsu ba. Wurina jikin rumbu ne, na ba su baya, ina jera ɓawon gyaɗa layi-layi. Shewar yara takan soki kunnena kamar ƙaya, kallon idon mutum kuma nauyi yake yi mini. Ba na amsa waƙa, ba na dariya inda ake dariya. Sai mutanen gida suka ɗauka ni Dije ba na fahimtar komai.

A shekarar da za a kai sa'o'ina firamare, Gwaggo Hanne, ƙanwar Baba, ta zo daga Kankia. Ina jin su ita da Baba a zaure.

"Yarinyar da ko an kira sunanta ba ta waiwaya, mi za ta ɗauko a aji?" in ji Baba.

"Wahalar da ita kawai za a yi, Yaya. A bar ta gida."

Iya ma ta ji. Amma Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, balle ta zaunar da shi ta yi masa gardama a kan ɗiyarsa. Da dare sai ta ce wa yara, "Ku ce ma mai gidan nan gyaɗarshi ta fi ƙarfin yatsuna, ya zo ya taya mu." Ya zo ya zauna a kan turmi, nesa kaɗan da wuta.

Ta ɗauko tatsuniyar bushiya, wadda duk mun sha ji. Wata shekara ruwa ya ƙafe a daji, dabbobi suka taru neman mafita, kowa yana ihu. Kura na zargin giwa da shanye tafki, biri na zagin kowa. Hayaniya ta yi wa bushiya yawa, ta koma gefe ta dunƙule, kunnenta a ƙasa, suka ce ba ta da amfani. A dunƙulen nan ne ta ji motsin ruwa a ƙarƙashin gawo. Aka haƙa, daji ya sha.

Amma a daren nan Iya cewa ta yi, "a ƙarƙashin kuka." Babu yaron da ya lura. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ni kuwa ji na yi kamar na tauna tsakuwa a cikin tuwo.

"Gawo ne," na ce.

"Wa ke magana can?"

"Gawo ne, Iya. Ba kuka ba."

"To, ni na tsufa, ƙawata. Ɗauko mana ita daga farko."

Ban juyo ba. Ina kallon rumbu na ɗauko ta da irin muryar Iya, da waƙar da bushiya take yi, da jan numfashinta, har inda takan tsaya ta yi tari, ni ma na yi. Yara suka fashe da dariya, na toshe kunnena na ci gaba har ƙarshe.

"Ja'ira," in ji Iya, "har tarin nawa kika kwashe? Bar mani shi, shi kaɗai na mallaka." Sannan ta gyara kara a wuta, ta yi magana kamar da wutar take yi. "Ki gaya ma masu gida, bushiya dai ta ji ruwa."

Ranar kasuwa Baba ya dawo mini da yadin rigar makaranta.

Sai da na shiga jami'a wata likita ta gaya mini sunan yadda nake: otizim. Ban ji tsoro ba, sauƙi na ji. Ba zan ce babu wahala ba, har yau gidan biki yakan kwantar da ni. Amma kunnen da guɗa ke yi wa ciwo shi ne yake ciyar da ni. Aikina tace sauti a gidan rediyo. Nakan nutse cikin murya ɗaya har na manta da yunwa, ina jin ƙaramin kuskuren da ya wuce kowa, kuma abin da na ji sau ɗaya ba ya barina. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a riƙa haƙuri da bushiya. Yanzu na gane Iya ba tausayi take roƙa mini ba. Ta san dajin ne yake bukatar mai irin wannan ji.

Iya ta rasu kafin na fara aiki. Baba kuwa, an ce idan shirinmu ya fara yakan ajiye rediyonsa a tsakiyar majalisa, ya ɗaga wa dattawa hannu.

"Ku yi shiru," yakan ce. "Ɗiyata ba ta son hayaniya a kan aikinta."