Safiyanu Mai Gyaran Keke Da Babur Ɗinsa Na Farko

A unguwarmu a Birnin Kudu, in aka ce Safiyanu mai gyaran keke, baƙo sai ya ɗauka keken hawa ake nufi, har ya turo nasa a yi masa faci. Keken ɗinki yake gyarawa. Asalinsa mutumin Dingaya ne ta ƙasar Gwaram, ya zo gari yana saurayi don ya koyi ɗinki, amma zaman shago ya gagare shi. Maigidansa na lokacin ya sha ba da labari cewa in ka ba Safiyanu riga ya ɗinka, kafin ka waiga ya kwance kan keken yana leƙen cikinsa. Daga ƙarshe ya bar ɗinkin ya riƙe gyaran, ya samu wani baƙin keken hawa, ya ɗaura jakar kayan aiki a baya, ya shiga ƙauyuka.

Gajere ne, siriri, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Kokon safe ma a tsaye yake sha. Matarsa Kulu takan ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya gama cin tuwo bai miƙe ya leƙa zaure ba. Yawancin masu ba shi aiki matan aure ne da ke ɗinki a cikin gida, daga Sundimina har Maruta. In ya iso sai a fito masa da kan keken zaure, a shimfiɗa tabarma, ya kwance shi, ya wanke, ya sa mai, mai keken tana daga ciki tana faɗa masa yadda zare yake tsinkewa. Shekara da shekaru yana wannan zagaye, har 'ya'yan da ya tarar a goye suka zama masu nasu keken.

Da ya haura hamsin, gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Da farko yakan shafa man zafi ya ɗaure da tsumma ya kama hanya. Daga baya ta kai in ya taka feda a hawa sai ya ji kamar ana soka masa allura, dole ya sauka ya tura. 'Yarsa Rufaida, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta matsa masa har suka je asibiti. Likita ya duba ya ce ƙashin ya goge, in yana son ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa to ya bar tuƙa keke zuwa nesa.

Safiyanu ya dawo gida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kwanaki kaɗan da ya yi yana hutawa sai da kowa a gidan ya gaji da shi. Ya kwance ƙofar ɗaki ya sake ɗaurawa, ya buɗe rediyon da ba abin da ya same ta. Da aka yi girbi ya je Dingaya ya sayar da riɗin gonarsa, ya haɗa da bijimin da yake kiwo, ya dawo ya ce babur zai saya. Bai taɓa tuƙa babur ba a rayuwarsa, sai dai a goya shi.

Daga nan shawara ta yi masa yawa. Yahuza, ƙanen Kulu, ɗan acaɓa ne, ya ce ba wani babur da zai iya da hanyoyin ƙasar Gwaram sai babba irin nasu, mai dogon kushin da manyan tayoyi, wanda kowane bakanike na ƙauye ya san cikinsa. Rufaida ta ce ya sayi ƙarami, wanda ake kira roba-roba, tunda shi ba ya da kuloci na hannu, kuma maɓalli ake dannawa ya tashi, ba sai an buga da ƙafa ba. Kulu kuwa cewa ta yi kada ya sayi ko ɗaya, ya kama shago a bakin kasuwa, mai son gyara ya kawo. Ya ce mata matar da ke kulle a Maruta ba za ta ɗauko keke a ka ta zo Birnin Kudu ba. Ta ce to mijinta ya kawo. Ya ce ai mazan ba sa kawowa, shi ya sa yake zuwa.

Sai da ya kusa cinye rani yana zagayen babura. Da safe ya je shagon masu sayar da sababbi ya shafa tanki, ya danna kushin, ya tambayi yadda yake shan mai, tunda a lokacin fetur ya yi tsada kowa na kuka. Da rana ya koma wajen dillalan na hannu, ya durƙusa yana sauraron ƙarar inji kamar yadda yake sauraron keken ɗinki. In ya ji wani ɗan ƙas-ƙas sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya wuce. Yau ya ce ya yanke, babba zai saya, gobe ya ce ya fasa. Har dillalan suka daina tashi in sun hango shi.

A tsakanin nan Yahuza yana koya masa tuƙi da nasa babur ɗin a filin ƙwallon firamare bayan la'asar. Hannun Safiyanu ya saba da ƙananan ƙusoshi, amma kuloci ya ba shi wuya. Ko ya sake shi da sauri babur ɗin ya yi tsalle ya mutu, ko ya riƙe shi gam yana murɗa totur, inji na ihu ba a motsa ba. In ya tsaya kuma, yatsun ƙafarsa ne kawai ke taɓa ƙasa. Buga kik da gwiwar nan ya fi komai azaba, sai dai bai faɗa wa kowa ba. A hankali ya iya zagaya filin, har yana sa giya ta uku.

Abin da ya yanke maganar ba shawarar kowa ba ce. Wata rana a majalisar da yake tsayawa bayan Magariba, ana hirar babur ɗin da ya ƙi sayuwa, wani mahauci mai suna Manu ya ce cikin raha:

“Malam Safiyanu, ka sayi roba-roban nan ka huta. Babban, ko an ba ka kyauta, sai an sa maka turmi ka taka.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Washegari da hantsi ya kira Yahuza suka je shagon sababbi, ya nuna wani ja, babba, ya ce a haɗa masa. Yahuza ne ya tuƙo shi zuwa gida, mai babur ɗin yana baya.

Sai babur ya zauna a zaure. Kullum da safe Safiyanu zai goge shi, ya gyara madubi, ya duba mai, ya matsar da shi daga wannan bango zuwa wancan. Ledar kushin ma bai cire ba. In aiki ya taso a kusa sai ya ɗauki tsohon kekensa yana cije baki, in da nisa ya ce a jira shi. Kulu kuwa ta fara shanya tabarma a kan babur ɗin. Shi kuwa barci ya ragu masa, abinci ma haka. Ya fita kan titi da shi sau ɗaya, wata babbar mota ta danna masa oda a baya, ya gangara gefe ya kashe, ya turo shi gida da hannu.

Ana tsakiyar azumi, zafi ya kai matuƙa, Inna Balaraba ta Maruta ta sa aka kira shi a waya. Dattijuwa ce, tana cikin waɗanda suka fara ba shi aiki tun yana saurayi. Kekenta ya tsaya cak, ga ɗinkin Sallar rabin unguwa jibge a ɗakinta. Ta karɓi wayar da kanta ta ce:

“Safiyanu, an ce ka yi babur. To me kake jira?”

Da gari ya waye ya cire ledar kushin, ya ɗaure jakarsa, ya sa hular kwanon da Rufaida ta sayo masa, ya buga kik har sai da idonsa ya kawo ruwa. Babur ya tashi.

A kan kwalta abin ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zata. Ya riƙe gefen hanya, yana tafiya a hankali, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Duwatsun bayan gari suka wuce, gonaki suka buɗe, iska na shiga rigarsa. Wuraren da a da yake sauka ya tura keke, yanzu sai ya ga ya haye su bai sani ba. Ya ce a ransa ashe abin da ake ji ke nan.

Da ya bar kwalta ya shiga burji, sannan ya gane nauyin abin da ke ƙarƙashinsa. Kafin a shiga ƙauyen su Balaraba akwai wani rafi da ya ƙafe, sai yashi mai zurfi. Da keke yakan sauka ya tura. Wannan karon ya rasa yadda zai yi, ya shiga da gudu kaɗan, tayar gaba ta nutse ta karkace. Ya kai ƙafar dama don ya tokare, ƙafar ba ta kai ba, da ta kai kuma gwiwar ta ƙi ɗauka. Babur ya kwanta a kansa, salansa mai zafi ta manne masa a ƙwauri.

Ya yi ta ƙoƙarin zare ƙafar ya kasa. Rana ta take, ga ƙishirwar azumi, ba kowa a hanya. Ya kwanta a yashin yana jin warin fetur, yana tunanin abin da za a ce a majalisa. Wasu matan Fulani ne da suka dawo daga tallar nono suka same shi. Suka sauke ƙorensu, suka kama babur ɗin su uku suka ɗaga. Babbar cikinsu ta dubi ƙunar, ta ce ya yi saurin zuwa a sa masa magani, sannan ta dubi babur ɗin ta tambaye shi ko na aro ne. Ya ce nasa ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, suka ɗauki kayansu.

Da turi ya ƙarasa ƙauyen, yana ɗingishi. Bai yarda an taɓa ƙafar ba sai da aka fito masa da kan keken. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye a wajen kwarkwaro, yana da irinsa a jaka. Kafin la'asar keken Inna Balaraba ya koma aiki, sannan ya miƙa ƙafa aka wanke aka ɗaure. Komawa gida ranar ba ta yiwu ba, gwiwar ta kumbura, ko kusa da kik ba zai iya zuwa ba. A nan ya sha ruwa, a nan ya kwana.

Ɗan Balaraba, Maikano, yana noman albasa a fadama. Yana da wani roba-roba shuɗi da ya saya tun yana aiki a kantin magani a Gwaram, wanda yanzu ba ya yi masa amfani, don in ya ɗora buhu ɗaya sai ya durƙushe. Da safe ya zagaya jan babur ɗin, ya zagaya, sannan ya ce da Safiyanu ko za su yi musaya, ya yi masa ciko. Ran Safiyanu ya ɓaci, ya ce shi bai ce yana sayarwa ba. Maikano ya ba shi haƙuri, ya ce to ya hau ƙaramin ya je gida, shi zai kawo masa nasa ranar kasuwa.

Ba yadda zai yi, ya hau. Ya danna maɓalli, inji ya tashi. Da ya zo rafin ya sauke ƙafafunsa biyu, suka taka yashi sosai, ya bi a hankali yana tokarawa har ya haye. A burji ƙaramin yana jijjiga shi, ramuka na dukan bayansa, a kan kwalta kuma 'yan acaɓa na wuce shi kamar yana tsaye. Amma ya isa gida bai faɗi ba, kuma bai sauka ya tura ba ko sau ɗaya.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ya yi su yana kai-kawo tsakanin zaure da tsakar gida. Ya ce wa Kulu ba zai bayar ba, sabo ne fil. Ya ce wa Rufaida yana tunani. Yahuza ya zo ya yi ta faɗa, ya ce wa ya taɓa ba da sabon babur ya karɓi tsoho, in damina ta sauka zai gane kurensa. Ranar kasuwa Maikano ya iso, Safiyanu ya bar shi a zaure ya fita, ya je har bakin tasha ya dawo, ya sake fita. Da ya dawo karo na biyu ya aika aka kira maƙwabta biyu su zama shaida, aka yi musayar, kowa ya karɓi takardun nasa. Yahuza ya yi wata guda ba ya gaishe shi da kyau.

Maganar Yahuza ba ta faɗi ƙasa duka ba. Da ruwa ya sauka akwai ƙauyukan da roba-roban bai iya shiga, sai Safiyanu ya ajiye shi a gidan wani a bakin hanya ya ƙarasa da ƙafa. Duk da haka zagayensa ya faɗaɗa, yana kaiwa garuruwan da a da sai dai ya ji sunansu, har kusa da iyakar Bauchi.

A can ne bara wata amarya ta sa aka fito masa da keken da aka kawo ta da shi, fari, mai aiki da lantarki, an haɗa shi da batirin sola. Ya juya shi, ya buɗe, ya tarar da wayoyi da wani ɗan allo kore, ya mayar ya rufe, ya ce mata wannan bai san shi ba. Tun daga ranar ba shi da wata hira sai ta keken lantarki. An ba shi labarin wani mutum a Kano da ke gyara su, ya samo lambarsa, mutumin ya ce ya zo ya yi mako biyu a shagonsa. Ranar da na ga Safiyanu na ƙarshe yana wajen bakanike ana canza masa taya, yana tsaye a kansa, yana tambayar duk wanda ya tsaya ko a hanyar Kano ta Wudil akwai inda ake cunkoso, da kuma inda mutum zai tsaya inji ya huce.