Yayar da Ta Sa Aka Yarda da Awonmu a Ƙetare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabar ɗakin gwaje-gwajenmu, bayan jinyar da ta sha. Ina tsaye gaban sikeli wayata ta yi ta ƙugi a aljihun farar riga. Da na duba, babbar 'yarta ce. Ba ta iya cewa komai ba sai, "Anti, Mama ta tafi." Na zauna a kan doguwar kujerar awo, na rasa wanda zan fara faɗa wa.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba. Ranar da na kama aiki a ƙarƙashinki na ce miki "ranki ya daɗe", kika ce in ajiye wannan a bakin ƙofa, in ce miki Yaya. Haka na kira ki har na zama mataimakiyarki, kuma haka zan kira ki a nan.

Aikinmu shi ne auna kayan abinci kafin a fitar da su waje: mu duba ko akwai gubar fumfuna a gyaɗa, ko ragowar maganin ƙwari a hatsi, mu rubuta sakamako mu buga hatimi. A farkon zuwana muna yin aikin tsakani da Allah, amma takardarmu ba ta wuce tashar jirgin ruwa. Kaya na isa can ƙetare sai a ajiye sakamakonmu gefe, a ɗebi samfur a sake aunawa.

Ba zan manta da wani dattijo ɗan kasuwa ba, wanda ya tattara gyaɗar manoman ƙauyensu ya aika. Mun auna, lafiya lau take. Can aka riƙe kwantenar ana jiran layin gwaji, damina ta same ta a tasha, laima ta shiga. Kafin layi ya zo kanta, fumfunar da babu ita da farko ta fito. Aka ƙona kayan. Dattijon ya zo ofishinki ya zauna, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ban ce kun yi ƙarya ba. Amma me zan je in ce wa mutanen da suka ba ni amanar nomansu?" Kika raka shi har bakin titi. Da kika dawo kika rufe ƙofa, na ji kina kuka. Wannan ne karo na farko da na ji, kuma ban sake ji ba sai ranar rasuwar mahaifinki.

Washegari kika tara mu kika yi mana bayani yadda kowa zai gane. Kika ce mutanen can ba raina mu suka yi ba, ba su san mu ba ne. Dole sai hukumar tantancewa ta ƙasa ta zo ta binciki aikinmu ta shaide mu. Ita ma hukumar, sai takwarorinta na wasu ƙasashe sun bincike ta sun yarda da ita, an sa hannu a yarjejeniya. Daga nan ne gwaji ɗaya zai wadatar: abin da aka auna a nan, a karɓe shi a can. Muka dubi juna. Tsohon firjinmu na ta gurnani a kusurwa, tagar ɗakin awo ba ta rufuwa da kyau. Wani cikinmu ya ce, "Shugaba, mu ɗin?" Kika ce, "Mu ɗin. Akwai wasu ne a ɗakin?"

Shekarun da suka biyo baya sun yi mana nauyi. Kika sa aka ɗauke sikeli daga kusa da taga. Kowace kwalba sai an rubuta mata ranar buɗewa. Aikin da muka yini muna yi, ki duba ki ce, "A sake." Har muka laƙaba miki suna, A Sake, muna faɗa a bayan idonki. Wata rana mai yi mana shayi ta kawo miki kofi, kika kurɓa, kika haɗe rai kika ce, "A sake." Muka kama satar kallon juna. Sai kika fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe kin daɗe da sani.

Akwai jarrabawar da ake yi wa ɗakunan gwaji. A aiko da samfur iri ɗaya a rufe zuwa ƙasashe da yawa, kowa ya auna ya aika abin da ya samu, ba tare da sanin amsar ba. Da namu ya iso, wani babban jami'i daga sama ya ba ki shawara ki kira wata ƙawarki da ke shugabantar wani ɗakin gwaji, wadda ita ma an aika mata, ku gwada lamba kafin mu tura. Kika ce masa, "Yallaɓai, in na tambaye ta, aikinta za a shaida ko namu?" Muka tura namu yadda ya fito. Muka faɗi. Na ga yadda aka yi miki magana a taron shugabanni, kika sunkuyar da kai kika shanye. Kika dawo muka bi diddigi har muka gano wani sinadari ne ya lalace a firjin nan mai gurnani. Aka canza shi. Zagaye na gaba muka ci, kuma da guminmu muka ci.

Lokacin da masu bincike suka zo, ina jego, jaririna bai cika wata uku ba, mai rainonsa kuma ta yi tafiya. Na so in nemi uzuri. Kika ce in taho da shi. Kika goya shi a ofishinki da zanen da kike ajiyewa don salla, kina zagaye da shi kina jijjigawa, ni kuma ina can ciki ina nuna wa baƙi yadda muke aiki. Yaron nan yanzu ya kai tsayina. Da na faɗa masa rasuwarki, ɗaki ya shige ya ƙi cin abinci.

Mun samu shaidar. Daga baya hukumar ƙasa ta roƙe ki ki taimaka mata ta shirya wa nata binciken, kika yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi biyu har aka sa hannu a yarjejeniyar. Ranar da kaya na farko suka wuce a ƙetare da takardarmu kaɗai, ba wanda ya huda buhu, kika sa aka nemo miki dattijon nan mai gyaɗa. Aka ce ya rasu. Kika ce a nemo ɗansa, kika faɗa masa labarin da bakinki.

Ciwo ya zo miki ba sallama. Da aka fitar da ke waje neman magani, kin tafi da sakamakon gwajin jini da na ƙwayar cuta daga asibitin gida. Likitocin can suka ce a yi haƙuri, ɗakunan gwajin asibitocinmu ba su shiga yarjejeniyar ba tukuna, sai an sake komai. Aka yi ta jira kafin a fara magani, ciwo kuwa bai jira ba. Maigidanki ya ce min hannayenki duk sun yi tabon allura. Da na kira ki, muryarki can ƙasa, kika ce, "Kin gani ko? Mun gyara wa gyaɗa hanya, mun bar mutum a baya."

Kin dawo kin rame, amma kika ce a riƙa kawo miki ma'aikatan gwajin asibiti gida. A falo kike zaunar da su, kina jingine da matashi, kina koya musu abin da kika koya mana. 'Yarki tana faɗa, kina cewa a ƙara miki minti kaɗan. Masu binciken asibitocin za su iso bayan wata biyu. Kin so ki gani. Allah bai nufa ba.

Da muka je gaisuwa, Inna, mahaifiyarki, ta kama hannuna. Idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Ta ce, "'Yar nan, ke kika san ta a wurin aiki. Wai me take yi ne da ba ta taɓa zama ba?" Na ce, "Inna, so take in mutanenmu sun faɗi gaskiya, a yarda da su a ko'ina." Inna ta daɗe tana jinjina kai. Ta ce, "To, Allah Ya sa ita ma a karɓi nata a inda ta je."

Amin, Inna. Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya ilimin da ta bari ya riƙa isar mata da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da maigidanta wanda bai gusa daga gefen gadonta ba, da 'ya'yanta, da ƙannenta, da dukkan mu da muka tashi a hannunta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.