Yatsun da Soda Ta Cinye

Ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai ya soke rajistar ƙungiyar mata masu sabulu, ya ce wai mambobinta na bogi ne. Mata ashirin da uku, masu rai da numfashi, wasunsu har da jikoki, wani ya zauna a kan kujera mai juyawa ya rubuta cewa babu su. Dalilinsa shi ne, a takardar taron shekara, inda aka ce kowace mace ta dangwala babban yatsanta na dama, babu zanen yatsa ko ɗaya da ya fito. Tabo ne kawai shuɗi, sumul, kamar an tsoma bayan cokali a tawada an manna. Ya ce mutum ɗaya ne ya yi su duka. Aka ba su zuwa ƙarshen wata su kwashe kayansu daga ɗakin aikin da ofishin ya ba su aro, tunda ɗakin na ƙungiya mai rajista ne.

Shugabar ƙungiyar ita ce Goggo Mai Sabulu. Da sakatariyarsu, wadda 'yar ƙaninta ce, ta karanta mata takardar, sai Goggo ta juya tafin hannunta ta tsura masa ido, kamar yau ta fara ganinsa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan hannun nan yana cikin sodar haɗa sabulu. Ta fara ne da daro ɗaya da muciya ɗaya a bayan ƙofar ɗakinta, lokacin da ciwon baya ya kwantar da mijinta, direban babbar mota, ya bar ta da yara biyar. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ce ta koya mata, kuma ba da ma'auni ta koya mata ba. Ta ce idan haɗin mai da soda ya fara kauri, ki laƙato kaɗan ki murza tsakanin babban yatsa da manuni, yatsan zai gaya miki ko ya yi ko da saura. Haka Goggo ta koya, haka kuma ta koya wa duk macen da ta shigo hannunta. Murzawar daƙiƙa biyu ce, sai a tsoma hannu a ruwa. Amma daƙiƙa biyu sau goma a rana, shekara da shekaru, ai ko dutse ne ya sha jiki. Soda ta share zanen yatsunsu tas.

Abin takaicin, wannan ofishin da ya kashe su a takarda, shi ne ya haife su. Shekara goma sha huɗu da suka wuce akwai wani dattijon jami'i, mai tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Shi ya iske su suna aiki kowace a lungunta, ya tara su, ya koya musu yadda ake taro da zaɓe da rubuta abin da aka yanke. Shi ya nema musu ɗakin nan mai taga uku da famfo a bakin ƙofa, ya kawo takardar rajista da hannunsa, Goggo ta sa aka yi mata gilas aka rataye a bango. A zamaninsa suna yake kira, mace ta amsa, ya sa alama. Ya yi ritaya, aka kawo sabon fom mai akwatin yatsa.

Sau biyu Goggo tana zuwa ofishin da sakatariya. Ran farko aka ce Darakta yana taro. Ran na biyu wani akawu ya saurare su yana danna waya. Goggo ta nuna masa yatsan, ta ce na hagu da ɗan sauran zane, a bari su sake da shi. Ya ce fom ya ce na dama.

"To ɗana, na ƙafa fa?" in ji Goggo. "Shi kam bai taɓa shiga soda ba."

Akawu bai yi dariya ba. Ya ce ta je, za a turo mai duba kayan ɗaki kafin a sa kwaɗo.

Wadda aka turo wata matashiyar jami'a ce, da jaka a kafaɗa da biro a hannu. Ta iske matan duka suna nan, daro shida suna aiki, akwatunan katako cike da sabulun da ke jiran yanka. Ta gaida Goggo da ladabi, ta ce ita aiko ta aka yi, ba ta da iko a kan hukunci. Doguwa, wadda ita ce bakin ƙungiyar, ta ce ai sai ta ƙirga fatalwowi, ga su nan har da mai goyo. Jami'ar ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaskiya: ko ta rubuta ta ga mata ashirin da uku, za a ce hayarsu aka ɗauko na wuni ɗaya, don an sha yin haka a wasu wurare.

Goggo ba ta roƙe ta ba. Ba ta iya roƙo ba, wannan ko mijinta ya shaida. Ta ce kowace mace ta ɗauko sanda ɗaya ta sabulun da ta haɗa ta kuma yanka da hannunta, ta miƙa wa Malama jami'a. Ta ce Malama ta rubuta sunan mai shi a takardarta, ta sa lamba a gindin sabulun, ta juye su duka a daro ta cakuɗa yadda take so. Ita kuma Goggo ta juya baya, ta sa sakatariya ta ɗaure mata ido da mayafi, ɗauri biyu.

Ga idon baƙo, sabulun nan iri ɗaya ne: launi ɗaya, akwati ɗaya, waya ɗaya ake yanka su da ita. Jami'ar ta ɗauko na farko ta sa mata a hannu. Goggo ta jinjina shi, ta bi gefensa da tafin hannu, ta kai hanci.

"Doguwa. Bahaguwa ce, yankanta kullum ya karkace."

Jami'ar ta duba lamba, ta duba takarda, ta miƙo na biyu.

"Amarya. Turare kamar na gidan ubanta ne, ba ta tausayinsa."

Ɗakin ya ɗauki dariya, Amarya mai shekara hamsin ta ce ai Goggo ba ta taɓa yabonta ba. Na uku Goggo ta ce na Mai Goyo ne, ta sauke shi da wuri don yaro ya yi kuka, shi ya sa cikinsa da ɗan laushi. Na huɗu na Kurma ne, wadda ba ta jin surutun kowa, juyinta ya fi na kowa laushi, babu gudaji ko ɗaya. Tun ana dariya har aka daina. Ba a jin komai sai ɗigar famfo da muryar tsohuwar nan tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba inda-inda, da hannun da aka ce ba shi da shaida. Matan da kansu sun san tana gane aikinsu, ba su san ta haddace su haka ba.

A na goma sha tara ta daɗe. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce wannan hannu biyu ne: haɗin Inna Ƙarama ne, amma ba ita ta yanka ba. Inna Ƙarama ta rufe baki da gefen zani, ta ce hannunta ne ke rawa kwana biyu, 'yar uwarta ta yanka mata, ta ɓoye don kada a ce ta huta.

Ashirin da uku, babu kuskure ko ɗaya. Da aka kwance wa Goggo ido, jami'ar ta ajiye biro, ta kamo hannun Goggo na dama da hannayenta biyu, ta shafa babban yatsan nan mai santsi kamar gilas. Ta ce, "Goggo, ki yafe mana." Ba ta rubuta kayan ɗaki ba ranar. Ta koma ta rubuta rahoto shafi huɗu, har da hoton hannuwan matan a jere a kan tebur.

Rahoton nan yau kwanansa goma sha ɗaya a teburin Darakta. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Saura kwana tara wata ya ƙare, kuma sabulun da aka zuba jiya sai ya yi sati uku yana shan iska kafin ya taɓu. Goggo ta ce a ci gaba da zubawa. Kullum da safe ita ke fara zuwa, ta goge gilas ɗin takardar da aka soke, ta ɗaura zani ta kama muciya.

Ranka ya daɗe Darakta, da ku masu zana fom ba ku taɓa shiga ɗakin aiki ba: ofishinku an kafa shi ne don ya raya ƙungiyoyi, ba don ya binne su da ransu ba. Ku buɗe rahoton nan ku sa hannu, ku da yatsunku ke da zane. Ku maido wa matan nan rajistarsu kafin ƙarshen wata, ku janye maganar kwaɗo, ku gyara fom ɗinku ya karɓi shaidar wanda sana'a ta cinye wa yatsa. In kuma har yanzu kuna shakka, ɗakin yana nan, taga uku, famfo a bakin ƙofa. Ku tashi daga kujera ku zo ku kalli hannun Goggo, sannan ku faɗa mata a gaban idonta cewa babu ita.