Mun Je Argungu Koyon Ɗaga Hannu

Badariya

Ana cikin sallar asuba a masallacin layinmu na fito, na bar wa maigidana yara da kunun da na dama. An ce duk wanda bas ta tashi ta bari, ya ɗauka ya ajiye aiki. A ƙofar kamfaninmu na ruwan leda da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi na tarar kowa ya hallara, maza masu inji da masu lodi, da mu mata masu jera ruwa a jaka. Wanda ya kafa dokar ne kawai bai zo ba. Sai da rana ta fito sosai Manaja Alhaji Garba ya iso yana sakace haƙori, ya ce mu yi sauri, muna ɓata masa lokaci.

Manajanmu mutum ne da in ya ce a zauna, wanda ke kan tsani ma sai ya nemi wurin zama. Ya je wani taron manajoji a Abuja ya dawo da sabon karatu, wai duniya ta daina mulki daga sama, yanzu ma'aikata ke yanke shawara tare. Ya tara mu ya ce dimokuraɗiyya ta shigo kamfani, kuma duk wanda aka kama ba ya faɗin ra'ayinsa zai karɓi takardar gargaɗi. Ya ji labarin wani injin casar shinkafa a Argungu da ma'aikatansa ke tafiyar da shi da kansu, sai ya ba da umarnin mu je mu gani.

A ranar da ya tara mu ɗin ne kuma ya ce za a mai da aikin mata daga safe zuwa la'asar har bayan isha, don a lokacin ake samun wuta. Ya ce in mun dawo za a kaɗa ƙuri'a, kuma yana da yaƙinin za mu amince. Maigidana ya riga ya gaya mini ranar da aka fara wannan, ranar na gama aiki. Yawancinmu matan aure ne, kuma amsar da kowace ta samu a gida ke nan.

Gwadangaji zuwa Ambursa

Muna wuce Gwadangaji aka yi ƙuri'ar farko, a kan karin kumallo. Manaja ya juyo daga kujerar gaba ya ce masu son masa su ɗaga hannu. Hannaye suka cika bas. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ambata cewa shi mai yana tayar masa da olsa, ya ce masu son shayi da burodi fa? Lawali sakatare ya ɗaga hannu biyu. Manaja ya ce shayi ya yi nasara, domin ba yawan hannu kaɗai ake dubawa ba, ana duba hannun wane ne.

Maman Chioma, shugabar mu masu jera, tana kusa da ni. Iyayenta daga kudu suka zo kasuwanci, a Birnin Kebbi ta girma, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta raɗa mini cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin an tambayi mutum abin da yake so don a tabbatar bai samu ba sai yau. Muka sha shayi a bakin hanya. Madarar ma sai da aka yi mana rowa.

Gaba da Ambursa akwai shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya gaishe mu, ya tambayi wane ne shugaban tafiyar. Manaja ya gyara babbar riga ya ce mu ba mu da shugaba, duk ɗaya muke. Jami'in ya ce to madalla, kowa ya sauko ya yi bayanin kansa, a fara da na gaba.

"Ni na shugaba," in ji Manaja, tun mutumin bai rufe baki ba.

Aka ɗaga mana hannu muka wuce. Direba ya yi ta tari har muka yi nisa, ya ce ƙura ce, alhali damina ake ciki.

Argungu

Da hantsi muka shiga gari, fadama hagu da dama ta yi kore shar da shinkafa. Wurin da muka je rumfar kwano ce babba, da inji biyu, da fili inda mata ke turara shinkafa suna shanyawa. Manaja ya nemi a kai shi ofishin shugaba. Aka nuna masa wani dattijo cikin singileti, ɓuntu har cikin gemunsa, yana ɗaure bakin buhu. Shi ne Malam Aliyu, wanda suka zaɓa a kakar bara. Ofishinsa benci ne a gindin dogonyaro.

Mun yi sa'a ranar taronsu ce. Wani babban ɗan kasuwa daga Augie ya nemi a ba shi injinan duka har ya gama casar kayansa. Malam Aliyu yana so, ya ce aiki ne tabbatacce. Wasu suka ce ƙananan manoman da ke kawo buhu ɗaya biyu fa, su jira har yaushe? Ba zan ɓoye ba, taron ya gundure ni. An yi ta magana a kan magana, wani ya tashi ya kawo ƙarar akuyar maƙwabci da ke cin shanya, sai da aka zaunar da shi da ƙyar. Wata tsohuwa mai turara, Inna Kulu, ta dubi shugaban nasu ido cikin ido.

"Aliyu, mutanen ga su munka sani tun ba mu da inji. Mai kuɗi in ya gama shina tahiya, su suna nan."

Manaja ya sunkuya ya ce wa Lawali da a wurinsa ne, da tuni an gama an koma aiki. Lawali ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe.

Su ba sa ɗaga hannu. Tabarma aka rataya tsakanin itace biyu, aka ajiye ƙwarya a bayanta. Kowa aka ba shi ƙwayar wake da tsakuwa, wake na nufin ya yarda, tsakuwa bai yarda ba. Ɗaya bayan ɗaya suke shiga su jefa. Da aka juye, tsakuwa ta rinjayi wake. Malam Aliyu bai yi murna ba, an gani a fuskarsa. Ya ce yana nan a kan cewa sun yi kuskure, amma shi zai je da kansa ya ba ɗan Augie haƙuri. Ya tashi ya tada inji.

Bayan azahar suka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi soyayye, irin wanda mutanen Argungu ke yi wa baƙo don ya koma gida ya raina na garinsu. Manaja ya ci ya ƙoshi, sai jawabi ya taso masa. Ya yaba musu, amma ya ce mu mun wuce nan, don mu ba ma buƙatar ɓuya bayan tabarma, tsakaninsa da ma'aikatansa babu tsoro. Ya ce ko yanzu akwai ƙuri'ar da ke jiranmu a gida a kan sauya lokacin aikin mata.

Malam Aliyu ya wanke hannu ya ce, "To, Alhaji, ga ƙwarya ga wake. Mi za ku jira?"

Maman Chioma ta miƙe ta ce ai tunda koyo muka zo, gara mu gwada gaban malamai. Manaja ya dube mu. Fuskokin da ya saba gani ya gani, masu cewa haka ne ranka ya daɗe. Ya yi murmushi ya ce a kawo.

Da layi ya zo kaina na shiga bayan tabarma. Tsorona kada a ji ƙarar tsakuwa daga waje, don Manaja yana tsaye kusa ya kasa kunne. Da na leƙa ƙwaryar sai na ga Inna Kulu ta zuba ɓuntu a ƙasa. Na saki tsakuwata, ko ni ban ji faɗuwarta ba.

Aka juye a kan tabarma gaban kowa. Tsakuwa tuli. Wake biyu.

Malam Aliyu ya dafa kafaɗar Manaja ya ce kada ya damu, na farko ne ke da zafi, shi har ya fara sabawa.

Komawa

An shirya za mu leƙa bakin kogi kafin mu juya, amma Manaja ya soke, kuma ba a nemi ra'ayin kowa ba. Direba ya tsaya shan mai kusa da kasuwa, Maman Chioma ta sauka ta dawo da sabuwar ƙwarya ƙunshe a mayafinta.

Wake ɗaya dai na Manaja ne, kowa ya sani. Ɗayan kuwa, kafin mu kai Ambursa mutum huɗu sun matsa gaba sun rantse masa nasu ne. Lawali ya ce har ya tuna kamannin ƙwayar. Wani mai lodi ya ce ƙarya ne, shi ya ga Lawali ya fito da wakensa yana taunawa. Manaja kuwa titi kawai yake kallo.

Gab da magariba muka tsaya a ƙofar kamfani. Manaja ya tare ƙofar bas ya ce yana da sanarwa. Ƙuri'ar Argungu ba a harabar kamfani aka yi ta ba, saboda haka ba ta da inganci. Dimokuraɗiyya kuma an dakatar da ita har sai ma'aikata sun nuna sun isa. Amma shi, a ƙashin kansa, bayan dogon nazari a hanya, ya yanke shawarar mata su ci gaba da aikin safe, don ya san matan aure ne. Lawali ya ce a tafa wa Manaja saboda tausayi. Muka tafa. Ni har tafin hannuna ya yi zafi.

Na hau keke napep zuwa gida, na tarar yara har sun gama rabon kifin Argungu a baki tun ban iso ba, sai na fito da wanda Inna Kulu ta ƙunsa mini. Maigida ya tambaye ni me muka koyo. Na ce gobe da safe zan tafi aiki kamar kullum.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Aliyu da mutanensa, da Inna Kulu, da direbanmu, Allah ya ba shi lafiyar tari. Ƙwaryar Maman Chioma tana rataye a ɗakin jera, daidai inda Manaja ke wucewa kowace safiya. Har yau bai tambayi ta mece ce ba.