Ƙafar da Ba Ta Kai Ranar Konkur Ba

Shekarun baya, lokacin da tumbin nan nawa bai gama fitowa ba, ni da abokina muna fita gudu da la'asar daga unguwar Jambutu a Garwa zuwa gadar Binuwai mu dawo. Na ce muna gudu, amma gaskiya shi ke gudun. Ni bin bayansa nake ina haki, ina lissafin inda zan sami inuwa.

Dukkanmu 'ya'yan mahauta ne. Shi mahaifinsa ya rasu ya bar masa teburin nama a kasuwa, da uwa, da ƙanne mata. Burinsa ɗaya ne tun muna makaranta: ya shiga aikin jandarma. A shekarar aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar sababbi, kuma sai mutum ya ci gwajin gudu kafin a dubi takardunsa. Shekarunsa sun kai iyakar da aka yanke. In ya rasa wannan, shi ke nan, babu wata.

To ga yadda yininsa yake. Daga masallacin asuba sai mayanka, a yi fiɗa, ya saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya kai mota. Daga nan ya tsaya a tebur yana sara har rana ta take. Da la'asar mu fita. Da ranar konkur ta matso sai ya ƙara wani gudun shi kaɗai da tsakar rana, a bazarar Garwa, lokacin da ko akuya ba ta barin gindin katanga. Ni kuwa in na yi kwana biyu ina fita, na uku kwanciya nake. Ranar Juma'a ko kallon takalmi ba na yi. Shi ya sa ya raɗa mini suna Alhaji Hutu, har 'yan kasuwa suka ɗauka.

Wata rana a gada ya tsaya ya ɗora yatsa a ƙwaurinsa na hagu, wuri ɗaya tak. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Tsamin jiki ne, kai ma da kana gudu da ka san shi."

Mu mahauta muna da wani tunani, cewa babu gajiyar da nama ba ya cirewa. Don haka maganin da ya nema bai wuce romon ƙashi da ɓargo ba. Ya sha, ya gasa wurin da ruwan zafi, ya shafa man zafi, ya ɗaure tamau da ƙyalle, ya fita. 'Yan mayanka kuma suna zuga shi, wannan ya miƙo hanta, wancan ya miƙo ƙoda, ana cewa, "Ci, jandarmanmu, ci ka ƙara ƙarfi!" Babu wanda ya ce masa je ka kwanta.

Mahaifina ne kaɗai ya yi magana. Ya gan shi yana ɗingishi a mayanka, ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, shanun da ake kawo mana daga Bogo, ka taɓa ganin na yanka su ranar da suka iso? Sai sun kwana, sun sha ruwa, jikinsu ya sake. In ka yi gaggawa naman baƙi yake yi. Ka bar ƙafar nan ta kwana biyu." Abokina ya durƙusa, ya saurara da ladabi, ya ce, "To, Baba, na ji. Bayan konkur zan yi barcin wata guda." Da la'asar ya fita.

Mahaifiyarsa da ta ga magana ba ta shiga, sai ta ɓoye takalmin gudunsa cikin kwallar kayanta. Ya nema, ya roƙa. Ta ce, "Ban gani ba, kuma ko na gani ba zan ba ka ba." Kun san abin da ya yi? Ya zura takalmin robar da yake shiga mayanka da shi, dogon nan mai nauyi, ya fito. Da na gan shi na yi dariya har na riƙe ciki, na ce, "Kai mutumina, ka haukace ne?" Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku ba ku gane ba. Duk ranar da na kwanta, wani yana can yana gudu."

Maganar ta tsaya mini a rai, don a muryarsa tsoro na ji.

Ranar da abin ya faru, ba faɗuwa ya yi ba. Muna gangarowa daga gada sai kawai ya tsaya, ya zauna a bakin titi, ya ce a hankali, "Ƙafar ta ƙi." Na tsayar da mai babur muka kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya nuna mana wani siririn layi, ya ce ƙashin ya daɗe yana tsagewa kaɗan-kaɗan, yau ne ya ƙarasa. Abokina ya tambaye shi, "Da na huta tun da ya fara ciwo fa?" Likitan ya ce, "Da ya haɗe da kansa kafin ranar jarrabawarka." Aka naɗe ƙafar da filasta mai tauri har gwiwa.

Ranar konkur ya ce in kai shi filin wasa. Na ce, "Don Allah ka bari." Ya ce sai ya je. Muka tsaya a bayan waya, shi yana dogare da sanda, muna kallon samari suna zagaye fili. Da aka gama ya nuna wanda ya riga kowa isowa, ya ce, "Wancan mai jar rigar, kullum ina wuce shi a gada." Daga nan muka koma gida. Mahaifiyarsa ta riga ta fito da takalmin ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ya kalle shi, ya raɓa ya wuce ciki. Ni ne na tsaya a zaure na yi kuka.

Ƙafar ta warke, Alhamdu lillahi. Yana nan a teburinsa, ya aurar da ƙannensa, kuma jandarmomi na zuwa sayen nama wurinsa, ya auna musu ya ƙara musu gyara. Ni kuwa har yau ina ɗan gudun nan nawa na malalata, kuma shi ne ya riƙe mini lafiya. Na daɗe ina ɗaukar hutu a matsayin rashin zuciya, ina jin kunyarsa. Yanzu na san jiki a kwance yake ɗinke abin da gudu ya yaga, kuma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya ba a rufe masa baki da romo. In kun ga wani naku yana ɗaure ƙafa yana fita, kada ku miƙa masa hanta. Ku zaunar da shi.

Muna tare kusan kullum, muna raha kamar dā. Abu ɗaya ne ya canza. Tun ranar da ya zauna a bakin titin nan bai sake kirana Alhaji Hutu ba, kuma wallahi na fi so da ya kira.